Ranar da Na Zare Husaini

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na zare Husaini da hannuna ba, a gaban dattawa biyu, ina murmushi. Kafin wani ya kira mini 'yan sanda, bari in yi bayani: Husaini faifan ajiya ne na kwamfuta.

Sana'ata ajiye wa mutane shafukan intanet. Ina da ɗan shago a Gusau, da wata ƙatuwar na'ura a ƙarƙashin tebur wadda shafukan suke zaune a cikinta (a allon ƙofa na rubuta "Babbar Cibiya", alhali ko akuya ba za ta iya juyawa a ciki ba). Na'urar tana da faifai biyu da aka haɗa, duk abin da aka rubuta a ɗaya nan take yake shiga ɗayan. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa ya ci gaba da aiki har a sayo sabo. Da na ga bayanin yana ba mutane wahala sai na raɗa musu suna Hassan da Husaini. Kowa ya san halin tagwaye, in ka ɗinka wa wannan riga dole ka ɗinka wa wancan. Mutane suka gane, ni kuma kaina ya fara kumbura.

Ana nan sai wata 'yar fitila ja ta fara ƙyafta ido a gaban na'urar, tana haɗawa da wani ɗan kuka mai shiga kunne. Ni da na yi karatun kwamfuta, har da takarda rataye a bango, me kake jin na yi? Na kashe ƙarar, na yanko baƙin salatif na liƙe fitilar. Na ce wa kaina wutar gari ce take wasa.

Bayan haka ne Alhaji Mainasara ya zo, mutumin Bungudu, tsohon ma'aikacin gwamnati. Tun da ya yi ritaya ya duƙufa haɗa tarihin zuri'arsu. Ya yi watanni yana zama gaban mahaifiyarsa, Inna Kulu, yana naɗar muryarta a waya tana jero kakanni, wa ya haifi wa, wa ya taso daga ina. Da damina Allah ya yi mata rasuwa. Ya kawo mini ɗan katin wayar a naɗe cikin takarda, ya ce in ɗora muryar a shafi don dangi na nesa su riƙa ji. Na kwafe, na ɗora. Ya tambaye ni ko ya adana katin.

"Haba Alhaji," na ce, "ai kati yayinsa ya wuce. Inna tana hannun tagwaye yanzu. A goge shi a sa karatu."

(Ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

To, ranar Asabar ɗin Alhaji ya kawo mini abokinsa, Malam Garba, shugaban wata ƙungiyar manoma daga Tsafe, suna so a buɗe musu shafi. Na zuba masa labarin tagwaye har da nuni da hannu. Ya saurara, ya shafa gemu.

"To in wanga Hassan naka ya mace hwa?"

"Malam, bari ka gani da idonka."

Na buɗe shafin Alhaji, na kunna muryar Inna Kulu a lasifika. Na durƙusa gaban na'urar na ce zan zare faifai ɗaya yanzun nan, kuma Inna ko tari ba za ta yi ba. Alhaji ya ce, "A bar shi, ɗana, mun yarda." Na ce, "Alhaji, ai ilimi ne." Wallahi haka na ce wa mutumin da ya haifi kamata. Na kama Husaini na fizgo shi, na ɗaga sama kamar wanda ya kamo kifi.

Inna ta ci gaba da magana na ɗan lokaci, ni kuma na ci gaba da washe baki. "Shi ko Bawa, shi ya haihi..." Sai shiru.

Na mayar da Husaini. Ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya ƙi tashi, dama tsoho ne kuma ya gaji. Na kashe na'ura na kunna, na hura mata iska da baki, har bismilla na yi mata da ƙarfi. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Malam Garba ya sunkuyo, ya sa farce ya ɓanɓare salatif ɗin nan.

"Wanga jan abu mi na na?"

Fitilar Hassan ce. Tun ranar da ta fara ƙyaftawa ya mutu, wata huɗu ke nan Husaini shi kaɗai yake ɗauke da kayan jama'a. Wato lokacin da nake cika baki Inna tana hannun tagwaye, ɗayansu gawa ne. Mai ran kuma ni na ƙarasa shi, don in burge baƙo.

"Ashe Hassan ya daɗe da rasuwa," in ji Alhaji, "ba ka sanar da mu ba mu zo gaisuwa." Bai yi dariya ba. Can ya ce, "Muryar Inna hwa?"

Shafukan sauran mutane ana iya sake gina su, amma wa zai sake zaunar da Inna Kulu? Na ga dattijon nan ya share ido da gefen babbar rigarsa, ya ja abokinsa suka fita. Ban taɓa jin kunya da ƙin kaina irin na ranar ba.

Washegari na hau babur zuwa Bungudu in ba da haƙuri, duk hanya ina shirya kalmomi suna rushewa. Ina zaune a zaure ina jiran Alhaji sai na ji wata murya daga cikin gida: "...shi ya haihi Mairo, Mairo ta haihi Tanko." Muryar Inna Kulu ce. Ashe Alhaji ya bi shawarata, ya ba ƙanwarsa Hajiya Asabe katin ta goge ta sa karatu. Ita kuwa ta karɓa ba ta goge ba, ta zura shi a 'yar rediyonta, kullum da hantsi tana jin uwarta. Shi kansa Alhaji bai sani ba sai da ya dawo gida da jajayen idanu.

Na roƙa ta ba ni katin in kai Gusau in kwafa.

"Katin ga ba ya hita gidan ga," ta ce daga bakin ƙofa. "Nan za ka kwahe shi, gabana." Ta ƙare mini kallo. "Kai ne mai tagwayen? Ni ma na haihe su, yaro. Ban taɓa liƙe ma guda baki don shina kuka ba."

Na kwafa a gabanta, kaina a ƙasa, ta karɓe abinta ta ƙulle a bakin gyale.

Yanzu kowace safiya fitilun nan nake fara gaisarwa kafin mutane, kuma komai ina da kwafinsa a wani wuri daban, nesa da hannuna. Malam Garba bai dawo ba. Alhaji ya yafe mini, amma har yau duk inda muka haɗu, ko cikin taro ne, sai ya ɗaga murya ya ce, "Ya yaran? Duka biyun suna da rai?" Mutane su yi ta yi mini barka, ni da ko aure ban yi ba.