Rasuwar Mai Ƙusumbi, Talabijin Ɗin Tsohon Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma a ƙarƙashinsa wanda ya fi baƙin ciki zafi, Tsohon Direba yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan zaman benci rasuwar talabijin ɗinsa, wadda aka fi sani da Mai Ƙusumbi. Ta cika ranar Talata da yamma a kan teburinta, a kusurwar falo, bayan shekara ashirin da uku tana hidima. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Wannan a riƙe shi da kyau.

Asalin ajalinta wata yarjejeniya ce da aka ƙulla a gaban idonta. A farkon kakar ƙwallo ƙanin matarsa, Kafinta, ya zo ya rage tsawo, ya roƙi a bar shi ya riƙa kallon wasa duk Asabar, shi kuma zai hau ya sauya kwanon da ke yoyo a saman kusurwar falon. Direba ya ce ya ji: kujera da rimot na Kafinta ne daga ƙarfe huɗu zuwa shida, amma kada ruwa ya riga guduma zuwa. Suka tafa. Kafinta ya cika rabin alkawarin da ake cikawa a zaune. Bai taɓa fashi ba, ya sha shayin gidan, ya ɓalle hannun kujera ranar da aka lallasa ƙungiyarsa. Tsani kuwa ko inuwarsa ba a gani ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai tsari. In an kunna ta sai ta yi “tsiii” tukuna, kamar dattijuwar da ke gyaran murya, sannan hoto ya taso a hankali. In ta yi fushi, mari biyu a kunnen hagu ya ishe ta, ba ta riƙe mutum a zuciya. A shekarunta na ƙarshe kowa a cikinta ya koma kore-kore, har mai karanta labarai, amma ba ta taɓa rage wa labari ko kalma ɗaya ba.

Direba a aji uku ya bar makaranta. Hanya ta koya masa rabin duniya, Mai Ƙusumbi ta ƙarasa masa sauran. A wurinta ya san cewa sojan da ya fito da hoton matarsa yana nuna wa abokai ba zai kai ƙarshen fim ba, shi ya sa har yau ba ya faɗin shirinsa a bainar jama'a. A shirin namun daji ya ga kada yana kwance kamar gungume tun safe, barewa na ta kai da komo, bai motsa ba sai da ta sa baki a ruwa. A finafinan kotu ya gane lauyan kirki ba ya tambayar abin da bai riga ya san amsarsa ba. Na 'yan sandan ciki kuwa sun bar masa abu biyu da ya ɗauka ba zai taɓa buƙata a gidansa ba: in an tarar da gawa, a bar kallon masu kuka a dubi ƙasa, sannan a tambaya wa zai ci riba.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Yoyon nan tsohon sani ne, ɗigonsa na sauka taƙi guda daga tebur, cikin bokitin da aka ajiye dominsa. Ranar Talata Direba ya tafi asibiti a duba masa gwiwa, aka tsuge da ruwa. Ya dawo ya tarar da uwar 'ya'yansa tana sharar hawaye da bakin zane. Ta ce ruwa ne ya shiga ta ƙofofin iskar da ke bayan marigayiya, ita kuma ta kunna don ta ga ko lafiya. Wai ta yi “tsiii” kamar kullum, sai “fus”, sai ƙauri.

Direba ya matsa kusa da gawar. Ya dubi ƙasa, kamar yadda aka koya masa. Bokiti a bushe ƙarau, an ture shi gefe. A jikin ledar da aka shimfiɗa a ƙasa ga ramuka huɗu da ƙafafun tebur suka yi shekara ashirin da uku suna haƙawa, tebur kuwa ya bar su, ya matsa taƙi guda, daidai ƙarƙashin yoyo. Teburin nan sai mutum biyu ke ɗaga shi, kuma uwar 'ya'yansa ko tulun ruwa ba ta ɗagawa saboda baya. Ya ɗaga kai, ya ga ɗigon fensir huɗu a bango, an auna su tsaf, irin wurin da ake kafa ƙarfen rataye talabijin ta zamani.

Wa zai ci riba? Babban ɗansa da ke aiki a nesa ya daɗe yana cewa ranar da tsohuwar talabijin ta mutu zai aiko da 'yar bango mai faɗi. Kowa a gidan ya ji wannan magana, wasu sun ji ta fiye da wasu.

Kafin a sanar da kowa, sai ga mai ta'aziyya na farko, Kafinta, fensir a bayan kunne.

“Yaya, sai haƙuri. Dama ta tsufa, ta huta.”

“Ta huta kam,” in ji Direba. “Wa ya gaya maka ta mutu?”

Kafinta ya dubi yayarsa. Yayarsa ta dubi bokiti.

Direba bai ɗaga murya ba, bai taɓa ganin kada yana ihu ba. Ya dai ambata musu cewa Tsohuwa, wato mahaifiyarsu su biyun, wadda ke zuwa duk Laraba kallon shirin likita, tana kiran marigayiya ƙawarta, za ta so jin yadda tebur ya yi tafiya da ƙafarsa. Nan take uwar 'ya'yansa ta tuna ta bar tukunya a wuta. Kafinta ya tambaya ko kwano nawa rufin zai ci.

Marigayiya ta bar rimot guda, wanda aka ɗaure murfin batirinsa da roba, yanzu ba shi da wanda zai yi wa magana. Ta bar eriya a saman rufi, da mayafinta na rufe ƙura, da yayarta rediyo, wadda za ta riƙe gidan. Ta kuma bar masu makoki biyu da kukansu ya yi yawa.

Ga tsarin jana'iza. Gawa za ta ci gaba da zama a kan teburinta, an mayar da shi cikin ramukansa, masu ta'aziyya na iya zuwa su dubi ledar da idonsu. An kira babban ɗa a waya an shaida masa kada ya aiko da komai sai makoki ya ƙare. Makokin zai ɗauki mako shida, wanda ya yi daidai da abin da ya rage a wasan kwaikwayon da uwar 'ya'yansa ta shekara biyu tana bi don ta ga wa zai gaji gidan. Wannan dacewa ce kawai.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu daidai, lokacin da za a busa usur na wasan ƙarshe, wanda ƙungiyar Kafinta ta kai karon farko a rayuwarsa, zai hau rufi da gudumarsa. Yayarsa ce za ta riƙe masa tsani, Tsohuwa na zaune a tsakar gida tana ƙirga ƙusa. Direba ba zai halarta ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Daga huɗu zuwa shida yana shagon mai aski, inda aka ajiye masa kujerar gaba don kallon wasan, kuma ya roƙi jama'ar layi kada kowa ya yi ihun da za a gane daga saman rufi wa ya ci. Bayan an sauko, za a kai gawa wurin mai gyara, ya raba kayan cikinta ga 'yan uwanta marasa lafiya.

Kafinta ya rasa wasansa. Uwar 'ya'yansa ta rasa ƙarshen labarinta, sai dai ta ji a bakin maƙwabta. Direba ya sami sabon rufi da shiru a falo ranar Asabar, amma ya rasa malamarsa, kuma da za a ba shi zaɓi, da ya ci gaba da zama da bokitinsa.