Yadda Za Ka Ware Marasa Tarbiyya a Akwatin Imel Ɗinka

Idan kana cikin masu buɗe imel su tarar da saƙonni cunkus kamar kasuwar Wudil ranar Juma'a, to kwantar da hankalinka, ka zo inda za a share maka hawaye. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. An ba ka tabbaci akwatinka zai yi fes, lokacinka ya yi rara har ka rasa inda za ka kai shi. Hanyar nan ba ta taɓa ƙin aiki ba. Sau ɗaya aka gwada ta, kuma ta yi daidai abin da aka sa ta.

Wanda ya gwada ɗin shi ne Malam Garzali, ma'aikaci a wani ofishi nan cikin Wudil, mazaunin Sabon Gari, mutumin da ko hankicinsa sai an goge masa. Mahaifiyarsa, Inna Hansai, tana Utai, yanar ido ta rufe mata idanu duka biyun. Wata ƙungiyar likitoci masu aikin ido kyauta ta zo ta duba ta, aka ce aikin mai sauƙi ne. Suka karɓi adireshin imel ɗin Garzali, suka ce za su aiko da ranar aiki, in ya gani ya amsa cikin mako, in bai amsa ba a ba wani gurbin. Ita kuwa Inna burinta ɗaya ne: ta ga fuskar jikarta, takwararta, wadda ake kira Afra don kada a riƙa kama sunan tsohuwa a tsakar gida.

Mataki na 1: Samo dalili mai nauyi

Kada ka kuskura ka ce don ƙawa kake gyaran akwati, raina ka za a yi. Nemo dalilin da in ka faɗa za a jinjina kai. Garzali yana da nasa. Ya dubi akwatinsa, ya ga talla, ga sanarwar taron da aka tashi tun bara, ga hotunan barka da Juma'a sun fi a ƙirga, ya ce a cikin wannan jujin saƙon likitocin Inna zai sauka? Ba da shi ba. Ya gaya wa matarsa Sakina daga yau kada a dame shi bayan la'asar, aikin idon Inna yake yi.

Mataki na 2: Kada ka karanta komai tukuna

Masu ƙaramin sani ne ke farawa da karatu. Saƙon da ka karanta nauyinsa ya hau kanka, sai ka amsa. Wanda ka jefa a folda kuwa ka gama da shi, tsakaninku sai fatan alheri. Dubi sunan mai aikowa kawai, ka wuce.

Mataki na 3: Raɗa wa kowace folda suna

Ba a buɗe folda da garaje. Zauna ka yi nazari kamar mai zaɓar sunan ɗan fari. Garzali ya fara da "Manya". Sai ya ga bai dace shugaban ofis ya kwana ɗaki ɗaya da mataimakinsa ba, ya ƙara "Manyan Manya". Ya buɗe "Dangi", ya buɗe "Dangin Sakina" can ƙasa. Akwai "Sai Na Huce", ta waɗanda suka ɓata masa rai. Akwai "In Sha Allahu", ta masu neman alfarma, kuma ba sai an fassara maka makomarsu ba.

A can sama da kowa ya kafa "Idon Inna", da manyan baƙaƙe, tana jiran ranar da zai ɗauko saƙon likitoci da hannunsa ya ajiye a ciki. Babu komai a cikinta, amma duk lokacin da ya kalle ta sai ya ji ya sauke haƙƙin uwa.

Mataki na 4: Kafa rariyar gaisuwa

Gyara zama, nan ne gwanintar take. Imel yana da wata dabara ta yadda za ka ba shi umarni ya riƙa tace saƙonni da kansa, kamar rariya. Wasu da suna suke tacewa, wasu da irin maganar. Garzali kuwa haihuwar Utai ne, inda ko gobara ka zo faɗa wa mutum sai ka tambayi gajiyarsa tukuna. Babu abin da ke ƙona masa rai irin ya buɗe saƙo ya ga an faɗo masa da magana kai tsaye, ba sallama, ba ya gida, ba ya yara.

Sai ya buɗe folda ya sa mata "Marasa Tarbiyya". Ya ba imel doka: duk saƙon da babu sallama ko barka a cikinsa, kada ma a nuna masa, a wuce da shi can.

Bilya, abokin aikinsa da ke zaune a teburin gefe, wanda shi ma aka yi wa mahaifinsa rajistar aikin ido rana ɗaya da Inna, ya leƙo.

"Malam Garzali, ai Oga ma ba ya sallama a imel."

"Oga daban. Manya ba sa gaisuwa, su ake gaisarwa." Ya cire Oga daga dokar.

"To banki fa, ranar albashi?"

Garzali ya cire banki ma.

"Likitocin nan fa?"

"Haba Bilya. Mutanen da ma'aikaciyarsu ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna ranar rajista? Masu aikin Allah ba sa manta sallama."

Riƙe wannan da kyau: kowace doka mai inganci tana da ƙofar baya guda biyu, ta mai iya korar ka da ta mai biyan ka. Sauran jama'a su koyi ladabi.

Mataki na 5: Ba launi haƙƙinsa

Folda ba launi aikin ɗan koyo ce. Garzali ya ba "Manya" shuɗi, ya ba "Dangi" kore, ya ba "Idon Inna" ja jawur. "Dangin Sakina" ce ta wahalar da shi, don duk launin da ya zaɓa sai ya ga ya yi musu yawa.

Yana tsakiyar wannan shawara ce, wata safiya a ofis, saƙon likitoci ya iso. Na'ura ce ta aiko shi, gajere, da Turanci: ga sunan mara lafiya, ga rana, ga wuri, danna nan ka tabbatar. Ba sallama, ba ya jikin Inna. Rariya ta yi aikinta ba ƙara ba motsi, ta kai shi inda aka ce ta kai irinsa. Garzali ya tsayar wa "Dangin Sakina" da launin ruwan toka, ya miƙe ya yi miƙa, ya tafi shan shayi.

Ka ga amfanin tsari ke nan. Da a da ne, da saƙon nan ya katse masa aiki.

Mataki na 6: Toshe kunnenka daga marasa folda

Da zarar akwatinka ya yi fes, masu shawara za su taso. Kada ka saurare su. Mutumin da bai taɓa buɗe folda ba me zai gaya maka?

Sakina ce ta fara. Tana goye da Afra, ta ajiye masa abinci, ta ce, "Baban Afra, shirun nan ya yi yawa. Ko za ka kira mutanen nan?"

Ya juyo mata da kwamfuta. Akwati fari tas, ko ɗigo babu. "Duba da idonki. In sun aiko, a ina zai ɓuya?"

"Can ɗin da kake zuba marasa kunya fa? Ka leƙa mana."

"Likitoci a cikin marasa tarbiyya? Sakina, ki iya bakinki."

Ta iya bakinta. Ta dai ɗauke tulun ruwa da ɗan ƙarfi fiye da yadda tulu ke buƙata.

In ya je Utai ma haka ne. Inna ba ta kama sunansa, don shi ne ɗan farinta. Tana jin tsayuwar babur sai ta juyo da fuska wajen ƙofa.

"Kai wannan, sun aiko?"

"Ba su aiko ba, Inna. Amma na shirya musu wuri na musamman, da ja ma na yi shi."

"To madalla. Allah ya yi albarka."

Mataki na 7: Yi amfani da lokacin da ka samu

Yanzu ga lokaci a hannunka, yi wa al'umma hidima. Garzali ya riƙa zagaya ofis yana duba akwatin mutane yana girgiza kai. Bilya ya fi shan wa'azi, don shi akwatinsa bola ce, in waya ta yi ƙara ya duba na sama, ya ci gaba da harkarsa. Garzali ya ce masa mutum irinka bai kamata a ba shi imel ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Garzali yana kutsawa cikin cunkoson 'yan kasuwa a bakin titi, sai ga Bilya riƙe da hannun mahaifinsa, Malam Ya'u. Idon tsohon guda an rufe shi da auduga da filasta, baki kuwa har kunne. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gida da gona da zafi. Sai can Bilya ya ce:

"Ina Inna? Jiya na yi ta dube-dube a wurin aikin ban gan ku ba. Na ɗauka ranarku daban ce."

"Wane aikin?"

"Na ido mana. Ai jiya suka rufe, yau suka tafi."

Malam Ya'u ya ce, "Ɗana, da safe da aka ɗaga audugar nan, har zaren hular likita na gani."

A nan gefen titi, tsakanin mai rake da mai gyaran taya, Garzali ya zaro waya, ya gangara ƙasa, ya buɗe "Marasa Tarbiyya". Ga su nan a jere. Na farko ya faɗi rana. Na biyu tunatarwa ce. Na ƙarshe ya ce tunda ba a amsa ba an ba wani gurbin, sai kuma baɗi in likitocin sun dawo. Gumi ya karyo masa har cikin hula.

Mataki na 8: Amsa cikin ladabi

Ko a irin wannan hali kada ka zubar da girmanka. Garzali ya zauna a kan bencin mai rake ya rubuta amsa. Ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi iyalan likitoci, da gajiyar hanya, da haƙuri da jama'a, sannan ya roƙi alfarma. Nan take na'ura ta mayar masa cewa wannan adireshin ba ya karɓar amsa. Bai ga wannan ba sai daga baya, don shi ma ba sallama a cikinsa.

Mataki na 9: Kai rahoto gida

Washegari ya ɗauki Sakina da Afra suka tafi Utai.

Inna tana kan tabarma a inuwar rumbu. Aka miƙa mata jaririya. Garzali ya durƙusa ya yi bayani, ya faro tun daga jujin saƙonni, ya bi ta kan rariya, ya iso bakin titi. Inna tana ji, yatsunta suna bin goshin Afra, da hancinta, da kumatunta.

"Wato sun aiko."

"Sun aiko, Inna."

"Ba su gaishe ka ba ne."

"Ba su gaishe ni ba."

Sai ta ce, "Ni da zagina suka yi suka buɗe mini idon, da na yi musu godiya." Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta ƙara bi ta kansa ba. Ta juya wajen da take jin numfashin surukarta.

"Sakina, matso. Idon nata manya ne ko ƙanana? Gaya mini a hankali, kada ki tsallake komai."

Garzali yana durƙushe a wurin, Sakina ta fara kwatanta wa tsohuwa fuskar 'yarsa.

Sanarwa

An yi maka alkawarin akwati fes da rarar lokaci, kuma an cika. Na Garzali har yau babu kamarsa a Wudil. "Idon Inna" tana nan a sama da janta, ba ƙura ba datti, kuma yana da lokaci har zuwa baɗi, in Allah ya kai tsohuwa. Abin da ya biyo baya a gidanka kuwa ba ruwan wannan jagora. Duk wanda ya rasa aiki, ko gurbi, ko fuskar da zai kalli uwarsa da ita, ya tuhumi kansa. Mai ƙorafi yana iya aikowa ta imel, amma ya fara da sallama. In ba haka ba, ya san inda saƙonsa zai kwana.