Ranar Da Karan Dawa Ya Tsere Mini

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da agogon taubashina Sani ya tuɓe mini rawani. Rawanin kuwa na Sarkin Iyo ne, wanda sa'o'ina suka naɗa mini tun muna yara a Goronyo.

A lokacin, da an saki ruwan madatsa don masu albasa, sai mu yar da riguna mu faɗa babbar hanyar ruwan da ke ratsa gonaki. Kowa na bin gefe saboda tsoro, ni kuwa tsakiya nake bi, kullum ni ne a gaba. Mu fito idanu jajur, a zane mu a gida, gobe mu koma. Wallahi ina kewar zamanin nan.

To, Sani ya zama malamin wasanni a Sakkwato. Wata Sallah ya zo da wani agogo da ɗan abin ɗaurawa a ƙugu, wai suna auna yadda mai iyo ke jefa hannu da saurinsa. Bakina bai bar ni ba. Na ce a auna sarki tukuna, talakawa su biyo baya.

Abokai suka jeru a bakin ruwa. Na tuɓe (tumbin da na tara a ofis ya riga ni gaisawa da jama'a), aka ɗaura mini, na faɗa tsakiya. Na iso inda muke tsayawa ina haki, ina jiran kirari.

Sani ya daɗe yana duban wayarsa, inda agogon ke tura sakamakon awon.

"Sarki, mi kaka yi cikin ruwan ga?"

"Iyo mana!"

"Abin ga ya ce bugun ruwa ɗai hannunka ka yi, ba ya ja. Ruwa ka tahiya da kai."

Na rantse agogon ne ya lalace. Sai ya tsinci karan dawa ya ce in sake shiga, ya jefa shi tare da ni. Jama'a, ina ji ina gani kara ya wuce ni, ko waiwaye babu. Dariya har da masu ban ruwa a gonakin maƙwabta. Kunya ta sa na ƙi fitowa sai da sanyi ya kore ni.

Har yau in na je gida, "Wazirin Kara" suke kirana, kuma ina amsawa. Amma tun ranar, in na ga ina gaba, nakan duba ko ruwa ne ke tafiya da ni.