Ranar da Na Wanke Kwamfutar Baba

Bayan rasuwar Baba, bairos ya cika kwamfutarsa. Yaya Hajara ta ce a kai wa mai gyara a Makarfi ya cire shi a hankali. Na naɗe hannun riga na ce, "Yaya, wannan ai aikina ne. Fomatin zan yi mata, ta dawo sabuwa fil."

Ta kuwa dawo sabuwa. Babu bairos, babu hotunan Baba a gonarsa, babu muryarsa yana karatun asuba.

Inna ta daɗe tana duban allon, sannan ta ce, "Ta yi tsabta."

Har yau in na shigo gida, Yaya Hajara takan ce, "Ku ɓoye wayoyinku, Injiniya ya iso." Kowa ya yi dariya, ban da Inna.