Hijirar Filogin Injiniya Ni-Na-Yi

Duk ofishin nan babu mai baiwa kamar Injiniya Ni-Na-Yi, kuma shi da bakinsa ya tabbatar mana da haka. Shi ya ƙera filoginmu, wato 'yar manhajar da ake maƙala wa babbar manhajar da muke rubuta aikinmu a ciki. Tana daidaita layuka, tana shafa wa kuskure jan launi. Uwa-uba, da ka buɗe ta sai hoton Injiniya ya faɗo maka, ya harɗe hannuwa, ƙarƙashinsa an rubuta: "Barka da aiki." Shekara da shekaru da fuskarsa muke karya kumallo.

Kwatsam manaja ta ce a koma sabuwar manhaja. Hankalin Injiniya ya tashi, don tsohon filogi ba ya zama a sabon gida sai an sake gina shi. Nan take ya yanke shawarar shirya zaman koyar da mu yadda za a kai filogin sabon gida.

"Ba darasi zan ba ku ba," in ji shi, "tarihi za ku shaida."

Shiri ya yi shiri. An yi taro kan wace kujera ta dace da shi, aka sake wani kan tsayin teburi. Ya sa a kawo lasifika, a ɗakin da ko tari ka yi sai na ƙarshe ya ce maka sannu. Abu ɗaya kawai bai samu sukunin yi ba: buɗe sabuwar manhajar.

Ranar zama ya haska allonsa a bango, ya gyara murya. "Mu fara da daidaita layuka. Wannan sai gwani."

Bai rufe baki ba layukan suka daidaita kansu. Ya yi murmushin yaƙe, ya rubuta kuskure da gangan. Jan launi ya riga shi. Ashe sabuwar da kayanta ta zo. Wallahi har tausayi ya ba ni.

Amma gwani gwani ne. Ya share gumi ya ce, "Dama waɗannan ƙananan abubuwa ne. Zuciyar aikin za mu ɗauko."

Muka wuni muna jigilar hotonsa. Daga ƙarshe ya bayyana a kowane allo, hannuwa a harɗe, Injiniya har da tafa wa kansa. Sai dai sabuwar manhajar, da ba ta san manya ba, ta ƙara wani ɗan maɓalli daidai ƙarƙashin haɓarsa: "Kada a sake nuna wannan."

Sai ƙas-ƙas ɗin linzamin kwamfuta ta ko'ina, kowa na danna maɓallin. Wannan darasin kam babu wanda ya nemi a maimaita masa.