Ranar da Na Je Gaida Baffan Hafsa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko da za a wanke min ƙwaƙwalwa da omo. In ka ga dama ka yarda, in ka ga dama ka ce sharata ce (na saba), amma ni ne mutumin da ya yi gulmar malaminsa a gaban malamin, a kan tabarmarsa, yana shan furarsa.

Ina ajin ƙarshe a jami'a a Kano lokacin. Duk wani shagali da ni ake yi. Bikin ɗan ajinmu, ni ne babban abokin ango. Taron ɗaliban Gwarzo, lasifika na hannuna. Ga kuma Hafsa, 'yar Kabo, wadda babanta ya yanka min ranar zance: Alhamis bayan la'asar, ba ƙari ba ragi. Matsalar ɗaya ce, akwai wani kwas na dole da ake yi Alhamis, biyu zuwa huɗu. Na auna kwas, na auna Hafsa. Kwas ba shi da wushirya.

Sai na ba abokina Sabi'u kwangilar sa min hannu a takardar halarta. Zango guda cur ban ga ko ƙeyar malamin ba. Sunan da ɗalibai suka laƙaba masa kawai na sani: Dakta Ba-Sani-Ba-Sabo.

Da magana ta yi nisa, aka ce kafin manyana su taso daga garinmu Mainika in je Kabo in gaida baffanta, tunda shi ne waliyyi. (Ta taɓa ce min tana da baffa a makarantarmu. Ni lokacin wushiryar nake kallo.) Na ɗau shadda, na yi ɓarin turaren da har ƙudan tasha sai da suka ba ni hanya.

Na tarar da wani dattijo a zaure da 'yar shara, yana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa muka gaisa, har damina sai da na tambaya. Ya ce me nake karanta, na faɗa. Ya ɗan ɗago.

"Ma sha Allah. Ya karatun?"

"Baba, sai godiya. Ai in ban shiga aji ba, ba a fara lakca."

"Har ta Alhamis?"

A nan mai hankali zai tsaya. Ni bakina ya riga ya tsinke birki.

"Au, labarin Dakta ya iso Kabo? Baba, mutumin nan ko ranar ɗaurin aurensa ba na jin ya yi murmushi. Amma ni yana ji da ni. A gaba nake zama, har jaka nake ɗaukar masa."

Ya turo min kwanon fura. Ya ce in faɗi lambata ta makaranta, na rero masa ita kamar karatun allo. Ya gyaɗa kai.

"Lambar na san ta. Duk Alhamis tana zuwa ajina da rubutun Sabi'u. Mai ita ne ban taɓa gani ba sai yau."

Na dire kwanon furar da nake sha. Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasar Kabo ta ce ba ruwanta. Ban san yadda na fita ba. Sai a tasha na lura silifas ɗinsa ne a ƙafata.

Sunana bai fito cikin masu zana jarrabawar ba. Sa'o'ina sun tafi bautar ƙasa, ni ina nan ina cin shekarar ƙari. Sabi'u ko sallamata ba ya amsawa. Babana, wanda ya gama shelanta wa 'yan masallaci cewa bana zan gama, yanzu da an idar yake zare jiki. Hafsa kuwa wayarta kullum "a kashe". Abin da na koya a makare shi ne, kafin ka sayar da lakca ka sayi zance, leƙa ajin ko sau ɗaya ka ga fuskar mai shi.

Na yi ta maza na kai masa silifas ɗinsa ofis, na durƙusa na ce a duba lamarina, ta nan da ta can. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Kwas dai ana maimaita shi, ka dawo baɗi. Hafsa kuwa zama ɗaya ake yi mata, kuma ka faɗi."