Layin Marasa Lafiya a Ƙofar Gidana

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, ko da yake Allah Ya sani na so in manta. Da ana iya goge rana guda daga rayuwar mutum, wannan zan goge: ranar da na tara tsofaffin unguwarmu a ƙofar gidana a Arlit don in kunyata ɗan cikina, sai ga shi ni na sha kunyar, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Ni mutumin Damagaram ne. Aikin ma'adini ya kawo ni Arlit ina saurayi, na tuƙa manyan motocin rami har ƙarfina ya ƙare. Karatun lakwal kuwa, wato boko, abin da na samu bai wuce in karanta in rubuta ba. Yaron da nake magana a kansa shi ne ɗan farina. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi, ba a ma tsayawa a dube shi sosai. Haka mahaifina ya yi mini, haka ni ma na yi masa. In ina son ya yi wani abu, uwarsa nake gaya wa, "Ki ce wa wancan kaza." In ya shigo zaure ya durƙusa gaisuwa, sai in amsa ina duban bango.

Da ya gama karatun likita a Yamai ya fara aiki, mutanen fadarmu ta shayi suka sa mini suna Baban Lokotoro. Nakan ɓata fuska in ce su bari (amma ranar da wani ya manta ya kira ni da sunana na yanka, har gida abin ya bi ni).

To, wata shekara sai ya zo gida babu sanarwa. Wai takardar haihuwarsa ya zo nema, da wata ta kotu, tunda a nan aka haife shi. Bayan 'yan kwanaki uwarsa ta same ni ina shirin alwala.

"Malam, takardun nan da yake haɗawa, izini zai nema wurin hukumar likitoci," in ji ta. "Amma izinin aikin biro kawai, zaman ofis. Zai riƙa tsara aikin gidajen likita da rabon magani. Ba zai ƙara duba mara lafiya ba, ba allura, ba fiɗa."

"Korarsa aka yi?"

"A'a, shi ya nema da kansa. Akwai dalili, ka tsaya in..."

"Ni ba na shiga maganarsa," na ce, na ɗauki butata na fice.

Kun ji mai kunya. Ban shiga maganarsa ba, amma kafin in gama wanke ƙafa na riga na yanke masa hukunci: lalaci ne. Ya ɗanɗana sanyin biro, ya fara ƙyamar warin marasa lafiya. Na tuna shekarun da na yi ina shaƙar ƙurar rami don ya yi karatu, raina ya ɓaci ƙwarai. Kuma tunda ba zan iya zaunar da shi in yi masa faɗa ba, sai na yi wata dabara da a lokacin na ga babu mai hikima irin tawa.

Duk tsohon ma'aikaci a garin nan yana da tari, kuma yana da hoton ƙirjinsa cikin babbar ambulan a ƙarƙashin katifa, yana jiran ranar da zai sami wanda zai duba masa da natsuwa. Sai na je fada na ce, "Lokotoro ya zo. Gobe bayan la'asar kowa ya kawo hotonsa." Nufina in ya ga iyayensa a jere suna tari, kunya ta mayar da shi kan hanya.

Mutum ɗaya ne bai yi murna ba, abokina Agali, mutumin Gugaram, wanda muka yi aiki tare tun muna da baƙin gashi. Ya gyara rawaninsa ya ce, "Kai ka tambayi yaro? Wannan magana ba shi da kyau." (Agali ba Bahaushe ba ne; ya tsufa a Arlit, amma har yau a Hausarsa kowa da kome namiji ne.) Na ce masa in yana tsoron allura ya faɗa. Aka yi dariya.

Washegari na sa aka shimfiɗa tabarmi, na sa babbar rigata kamar mai ɗaurin aure. Mutane suka fi yadda na zata, har da mata da goyo daga can gefe. Na aika aka kira shi. Ya fito, ya ga layi, ya tsaya cik. Da gefen ido na ga hannuwansa duka biyu suna cikin aljihu, na ce a raina, ga girman kai kuma.

Ya durƙusa ya gaida kowa, sannan ya ce, "Iyayena, ku yi haƙuri, na daina dubawa. Amma ina da aboki a gidan likita na nan, gobe da safe ni da kaina zan raka ku wurinsa."

Da na yi shiru a nan, da an watse lafiya. Amma ina! Sai na juya wurin Agali, na ɗaga murya yadda har matan za su ji.

"Agali, ka gaya wa wancan, mu da muka ƙare ƙarfinmu a rami ba mu taɓa cewa mun daina ba. Ka tambaye shi, hannun nasa na zinariya ne da ba zai taɓa talaka ba? Ko ƙirjin tsofaffi ne ya yi masa datti?"

Agali ya ce a hankali, "Bari, ɗan'uwa. Bari."

Ban bari ba. Na fizge ambulan ɗin Agali daga cinyarsa, na zare hoton, na jefa a kan tabarma gaban yaron.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya fitar da hannunsa na dama daga aljihu, ya ɗauki hoton, ya miƙe ya ɗaga shi wajen rana kamar yadda suke yi. Sai na ji ƙara, far-far-far, irin ta leda a bakin taga. Wallahi abin da na fara yi shi ne duban itacen ƙofar gida in ga ko iska ce. Ko ganye ɗaya ba ya motsi. A lokacin na dubi yaron, duba na sosai, wanda rabona da yi tun yana rarrafe. Hannun rawa yake yi tun daga wuyan hannu. Ya sa na hagu ya riƙe shi, hoton bai daina kaɗawa ba. Ya rame, ga furfura a gefen kansa, ni ban san ranar da ta fito ba.

Wani ya ce, "Subhanallahi." Sauran duk suka sunkuyar da kai.

Ya ajiye hoton a hannun Agali, ya ce, "Baba Agali, ka gaya wa Baba, ba ƙyama ba ce. Ciwo ne, ana ba ni magani, amma ba a ce zai tafi ba. Ni na kai kaina wurin hukuma kafin hannun nan ya cuci ɗan wani. Izinin biro shi ne abin da ya rage mini na aikin da na karanta." Ya shige gida.

Mutane suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa da ambulan ɗinsa a hammata, ana yi mini sallama ƙasa-ƙasa kamar a gidan rasuwa. Ni kuwa ina zaune cikin babbar riga, na rasa inda zan sa fuskata. Agali ne ya rage. Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Kowa ya sani. Tun ranar da ya zo ya gaishe mu a fada, da hannu biyu ya kama kofin shayi, rabi ya zube. Mun zaci ka sani, kana ɓoyewa ne. Kai kaɗai ne ba ka duba shi."

Washegari yaron ya cika alkawari, ya raka su wurin abokinsa, daga nan ya wuce tasha. Ban raka shi ba, ai ba a raka ɗan fari. Ya sami izinin, yana aikinsa a Yamai, an ce kuma yana yinsa da kyau. Yana aiko da gaisuwa ta bakin uwarsa, kamar yadda na koya masa. Arlit dai bai sake takowa ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na kira shi a waya, na shirya maganata tsaf. Da na ji ya ce "Baba?" sai na ji bakina yana cewa, "Ga uwarka."

Ban ce a zubar da alkunya ba, da ita aka raine mu. Amma ku da kuke da 'ya'ya, ina roƙonku kada ku yi irin tawa. In an ce muku akwai dalili, ku ajiye buta ku saurara. In yaro ya shigo gaisuwa, ku bar bango, ba inda za shi, ku dubi yaron. In ta kama, ku kira shi da sunansa. Ni dai har yau ban iya ba, ko a nan kun ga ban rubuta shi ba.